Buhun littattafan da muka kai Tamale

A kan tabarmar cin tuwo maganar ta taso. Wata Lahadi ce cikin watan Maris na 2019, wani mai bishara da ikkilisiyarmu take tallafa wa a arewacin Gana ya zo hutu Zariya, ya ba da rahoto a sujada, da aka tashi maigidana ya jawo shi gida. Yana cikin cin tuwon masara da miyar kuka ya ji yara suna kirana Malama don tsokana, sai ya ajiye loma ya tambaye ni me nake koyarwa. Na ce kimiyya, shekara 16 ke nan, kuma ni ce uwar FCS, ƙungiyar zumuncin ɗalibai Kirista, a makarantarmu. Ya ce, "Mama, da za ki zo mana ko na mako biyu ne. Masu wa'azi ba su yi mana kaɗan ba, mai tsayawa gaban allo ne muka rasa." Na yi dariya na ce Allah ya kai mu, irin amsar da ake ba baƙo. Maigidana kuwa bai ɗauke ta wasa ba. Da dare ya ce mini, "Maman yara, in za ki je, duk gidan za mu je."

Kafin a zo maganar fasfo sai da muka bi ta gaban dattawan ikkilisiya, kuma zama biyu aka yi. Sun nemi takardar gayyata a rubuce, sun tambayi inda za mu kwana, wa zai biya, kuma me ya sa za a ja yara uku. Wani dattijo da ya yi aikin bishara a ƙauyukan Katsina tun ina goye ya ce, "'Yata, kuɗin jirgin mutum biyar ai zai riƙe mai bishara ɗaya da iyalinsa watanni da yawa. Kin yi wannan lissafin?" Na yi shi, shi ya sa na sunkuyar da kai. Ban sami amsar ba shi a ranar ba, kuma har yau ban ce na sami gamsasshiya ba. A ƙarshe aka raba kaya: ikkilisiya za ta yi baiko na musamman don littattafai da kayan koyarwa, mu kuma mu ɗauki kuɗin tafiyarmu a kanmu. Maigida ya ɗauki adashinsa da wuri, ni na sayar da tumaki biyu da nake kiwo a bayan gida, Zumuntar Mata suka haɗa mini abin da suka kira kuɗin ruwa.

Takardu sun ci mana kusan wata uku. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Mu manya muna da fasfo, yara ne babu, kuma kowane yaro sai an kai takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar iyaye. A nan muka gano sunan autanmu ya sha bamban da harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta, harafin nan ya sa maigida zarya sau huɗu. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya. A shekarar ne aka sauya shi zuwa sabo mai lambar da na'ura take dubawa, don haka tsohon da nake ajiye da shi a akwati ya tashi aiki. Wanda bai taɓa yin allurar ba kuma sai ya yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya. Autan ya yi kukan da har mai gadi ya leƙo.

Zaɓen lokaci ma ya ba mu wahala. Da mun so dogon hutun Agusta, sai mai masaukinmu ya tuna mana abin da ya kamata malama ta sani da kanta, cewa lokacin da muke hutu su ma makarantunsu a rufe suke. Aka koma ƙarshen Oktoba, hutun tsakiyar zango, na roƙi ƙarin mako guda a wurin aiki, yara ma aka roƙar musu. Niyyarmu ta farko mota ce, ta Legas da Seme da Kwatano da Lome har Aflao, domin ta fi araha nesa ba kusa ba. Cikin Agusta gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa. Labarin da muka riƙa ji daga bakin iyaka bai yi kama da inda za a bi da yara da kaya ba, dole muka koma jirgi, kuɗi ya kusa ninkawa.

Yanzu ga inda na yi wauta, kuma ni kaɗai na yi ta. Tun ina yarinya nake jin labarin Gwanja da fataken goro da suke zuwa Salaga, ina jin ana cewa Hausa ta cika Gana. Sai na yanke a raina cewa yaran Tamale, garin da za mu sauka a arewacin Gana, Hausa suke ji. Da kuɗin baikon na sayi Sabon Alkawari na Hausa guda 200 da Littafin Waƙoƙi 50, ragowar na sayi batura da ƙananan ƙwayayen fitila da waya da maganaɗisu da littattafan rubutu. Ban tambayi mai masaukinmu ba. Waya ɗaya ta minti biyu da ta isa. Muka loda littattafan cikin manyan buhunan nan masu zane-zane da kowa yake kira Ghana-must-go, ba tare da ko ɗayanmu ya tsaya ya ji sunan a kunnensa ba.

Daga Rigasa muka hau jirgin ƙasa zuwa Idu, don a lokacin mai hankali ba ya bin hanyar Kaduna zuwa Abuja da iyali in yana da zaɓi. Washegari muka sauka Ankara, babban birnin Gana, muka mayar da agogo baya da awa guda. Jami'in da ya duba kayanmu ya dubi buhunan, ya dubi koren fasfo, ya ce da Turanci, to ga shi Gana ta dawo gida. Kunya ta kama ni. Buhun nan ya samo sunansa ne a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan Gana, suka kwashe kayansu a cikinsa. Da maigida ya ba mai masaukinmu labarin daga baya, ya ce kada mu damu, su ma a 1969 zamanin Busia sun kori 'yan Najeriya, an yi ɗaya da ɗaya.

Ankara zuwa Tamale kusan kilomita 600 ne, muka yi ta cikin babbar bas, tun asuba har bayan magariba. Kumasi, Techiman, Kintampo, sai daji ya fara sakewa, kaɗanya da ɗorawa suka bayyana, muka haye gadar Buipe da ta Yapei. Ɗana na tsakiya ya farka ya leƙa taga ya ce, "Mama, ai mun dawo gida." Haka wurin yake. Masallatai, babura, zabi a bakin hanya, koko da ƙosai da safe. Abin da ya fi ɗaukar idon 'yata shi ne mata a kan babur, har da tsofaffi da lulluɓinsu, suna tuƙa kansu kasuwa ba wanda ya waiwaya.

A daren farko aka buɗe buhunan. Mai masaukinmu ya ɗauki Sabon Alkawari ɗaya ya juya shi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Mama, wa zai karanta?" Tamale ƙasar Dagomba ce, harshen gida Dagbani, harshen makaranta Turanci. Hausa tana nan, a zango da kasuwa da tasha da bakin manya, amma Hausar baki ce, ba a koya wa yaro karanta ta da boko. Ko ita ɗin ma ta sha bamban da tamu, mace da namiji duk "ya" ne, har wata mai sayar da wake da shinkafa ta nuna 'yata ta ce mini, "Yarinyanka ya yi kyau." Littafi Mai Tsarki yana nan da Dagbani, akwai ma cibiyar fassara da yaƙi da jahilci ta GILLBT a cikin garin, da can ya kamata kuɗin baikon ya tafi. Na kwanta ban yi barci ba, ina tuna fuskokin matan da suka kwance bakin zane suka sa hannu a baikon.

Makarantar da za mu yi aiki ta gwamnati ce, ƙaramar sakandare mai aji uku a bayan gari, irin wadda suke kira JHS. Mai masaukinmu ya riga ya karɓo izini daga ofishin ilimi tun kafin mu zo, amma ya ce takarda ba ta buɗe ƙofa a nan, gaisuwa ce take buɗewa. Ya koya mana cewa "Dasiba" da safe, a amsa da "Naa", kuma a rusuna wa babba sosai, ba ɗan sunkuyon birni ba. Ranar Litinin ɗin farko ba mu koyar da komai ba, gaisuwa muka yi ta yi.

Hedimastan Alhaji ne, dattijo mai sanyin murya, kuma ya ji Hausa sarai don ya zauna zangon Kumasi. Ya ba mu kujeru ya ce, "Malam, Malama, barkanku da zuwa. Yarana kusan duk Musulmi ne, Kirista ba su kai ashirin ba. Darasi na kowa ne, ku koyar har ku gaji. Laraba da safe lokacin ibada ne, Musulmi suna nasu, Kirista suna nasu, a can za ku buɗe littafinku. Kyauta kuma, in za a raba, a raba wa kowa ta hannun malamin aji, kada a ɗaura ta da zuwa sujada." Da muka fito maigida ya ɗaure fuska. Ya ce mun yi tafiyar nan duka don yara goma sha? Ni kuwa maganar Alhaji ta kwanta mini. Mu 'yan yankin Malumfashi ne, rabin dangina Musulmi ne, a gida ɗaya muka tashi da su. Na san yadda zan ji in baƙo ya shigo ajin ɗana da alawa a hannu ɗaya da addini a ɗayan ba da sanina ba. Na faɗa masa haka a hanya, bai amsa ba sai da dare, da ya ce to Allah ya sa mu iya.

Ajin farko da na shiga na ƙarshe ne, masu shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Sun haddace darasin lantarki tsaf, suna iya zana shi a allo da alamominsa, amma ba wanda ya taɓa haɗa waya da batir da hannunsa. Na raba su bakwai-bakwai, kowane rukuni batir biyu, waya, ƙwan fitila ɗaya. Aka ɗauki kusan minti goma ba abin da ya kama. Wata yarinya doguwa a layin baya, wadda tun shigowata ba ta ɗaga kai ba, ta karɓi wayar daga hannun samarin, ta kankare bakinta da haƙori, ta danna da babban yatsa. Ƙwan ya kawo ɗan jan haske kamar garwashi. Ihun da ajin ya yi sai da Alhaji ya fito daga ofis. Daga nan suka shiga gwada duk abin da ya zo hannu, cokali, makulli, roba, ɗan kunne, bakin fensir, suna rubuta wanda wuta take bi da wanda ba ta bi. Ƙararrawar tara ta buga ba wanda ya tashi. Maigida yana aji ɗaya yana fama da lissafin kashi, 'yata mai shekara 16 tana zaune da 'yan mata ƙarƙashin dalbejiya suna karatun Turanci da ƙarfi, ɗana na tsakiya kuwa aikin bishararsa duk a filin ƙwallo ya ƙare, kuma shi ya fi mu yin abokai.

Laraba muka taru da yaran Kirista a wani aji da ba tagogi. Su 17 ne, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata da manoman da suka zo daga wasu yankuna. Malama ɗaya ce take riƙe da su shekara da shekaru, ita take fassara. Maigida ya buga jita, muka koya musu wata gajeriyar waƙar Hausa, su ma suka koya mana ta Dagbani, inda na fara jin ana kiran Allah Naawuni. Na yi magana a kan Daniyel da abokansa a makarantar sarkin Babila, yara 'yan kaɗan a tsakiyar mutanen da ba addininsu ɗaya ba, waɗanda suka yi karatu har suka fi kowa ba tare da sun raina kowa ba. Da aka zo tambayoyi ba wanda ya tambayi Daniyel. Wani yaro ya ce in abokinsa ya kawo masa naman Sallah ya ci? Na ce ni dai tun ina yarinya nake ci, kuma ina kai musu shinkafar Kirsimeti. Wata ta ce ana kiranta da wani suna a hanyar gida, me za ta yi. A kan wannan muka ƙarasa lokacin, kuma malamarsu ta fi ni amsa mai amfani, don ta san hanyar, ta san masu kiran.

Ranar Alhamis autanmu ya jawo mana magana. Yaro ne ɗan shekara takwas da aka yi wata bakwai ana gaya masa za shi aikin bishara, ga buhu cike da littattafai a ɗaki ba a taɓa ba. Ya saci jiki ya zuba guda shida a jakarsa, lokacin tara ya raba wa 'yan ƙwallo. Juma'a da sassafe wani uba ya iso makaranta da littafin a hannu, ya ajiye shi a teburin Alhaji. Shi ya karanta Hausa, don ya yi shekaru yana fatauci a Kano. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ya ce an gaya musu malamai ne suka zo, ashe abin da aka zo yi daban. Alhaji ya dube mu kawai. Maigida ya fara bayanin cewa yaro ne, sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ba a nan ba, da yamma a gidansa.

Bayan la'asar muka je, mu biyu da autan da mai masaukinmu da goro a leda. Muka tuɓe takalma muka durƙusa a zaure. Maigida ya ce, "Alhaji, mun zo ba da haƙuri. An ba mu ƙa'ida, ɗanmu ya karya, laifin namu ne da ba mu zaunar da shi mun gaya masa ba. Mu Kirista ne, ba mu ɓoye ba, kuma da littattafan muka zo, amma ba mu zo mu bi ta bayan iyaye ba." Mutumin ya daɗe yana kallon autan, wanda hawaye ya riga ya wanke wa fuska. Sai ya tambaye shi da Hausar Kano tsantsa, "Kai ɗan wane gari ne?" Ya ce Zariya. Ya ce, "To Bazazzagi, ai dama ba a raba ku da rigima." Aka yi dariya, aka kawo ruwa, hira ta koma Kantin Kwari da Kurmi da farashin goro. Da za mu tafi ya mayar mana da littafin da hannu biyu, ya ce ɗansa ya ba shi labarin fitilar, in akwai sauran batir a bar wa makaranta. Sauran biyar ɗin Alhaji hedimasta ya tattaro su da kansa. A hanyar komawa autan ya ce, "Baba, ba za a kore mu ba?" Uban ya ce a'a, amma daga yau jakarsa a hannuna take kwana.

Mako na biyu mun so shiga wata babbar sakandare ta kwana mu yi zumunci da 'yan Scripture Union, wadda take yi musu irin aikin da FCS take yi mana tun 1957. Tun da Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017 ɗalibai suka yi yawa, har a 2018 aka raba su layi biyu, kore da zinariya, wasu suna makaranta wasu suna gida. Rukunin da aka shirya mana da su muka tarar sun tafi gida. Muka yi yamma ɗaya da waɗanda suka rage, shi ke nan.

Yarinyar nan ta layin baya ita ce ta manne wa 'yata. A ƙarƙashin dalbejiyar ta gaya mata cewa ba lalle ta kai jarrabawa ba, yayarta tana Kumasi tana dako a kasuwa, ta ce ta biyo ta bayan girbi. Kayayei ake kiran 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a kwano a kasuwannin kudu, kuma farkon kalmar ma "kaya" ɗinmu ne na Hausa. 'Yata ta zo mini da kuka, wai mu biya mata komai, ko mu tafi da ita Zariya. Ni ma zuciyata ta so, amma Juma'ar da ta wuce ta koya mini wani abu. Na kai maganar wurin malamar ajinta da Alhaji. Ashe sun sani tun kafin mu zo, har malamar ta je gidansu sau biyu. Abin da muka iya shi ne muka bar ɗan kuɗi a hannun makaranta don littattafan bita da takalma na 'yan ajin ƙarshe da suka fi buƙata, ba tare da an ware sunanta ba.

Littattafan Hausar sun sami 'yan masu karatu daga baya. Mai masaukinmu ya san wani ƙaramin zumunci na 'yan Nijar da 'yan arewacin Najeriya masu sujada da Hausa, suka karɓi 30 da Littafin Waƙoƙi, wani tsoho daga wajen Maraɗi ya rungume nasa yana rera waƙa tun kafin ya buɗe. Sauran muka bar su a ɗakin ajiyarsa, don kuɗin dawo da su ya fi kuɗin sayensu.

Lahadin da muka dawo aka ba mu minti goma sha biyar na rahoto. Maigida ya so ya fara da hotuna, na ce a'a, ni zan fara. Na tsaya gaban Zumuntar Mata na faɗi yawan littattafan da aka saya da kuɗinsu, da yawan waɗanda suke kwance a Tamale, da dalilin. Majami'a ta yi tsit. Dattijon nan na lissafi ya tambaya daga inda yake zaune, "To batura fa, nawa suka ci?" Na faɗa masa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin littattafan ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta a bayan takardar sujada. A watan Janairu malamar ajin ta aiko wa 'yata saƙo ta WhatsApp cewa yarinyar ta tafi Kumasi lokacin hutu amma ta dawo, tana aji. Cikin Maris aka rufe makarantun Gana saboda korona, lambar malamar kuma ta daina shiga. 'Yata tana jami'a yanzu, kuma ba ta goge lambar ba.